Bencinan coci suna ta zama wayam, ina za mu sa bege?

Mai tambaya: Salama, 'yan'uwa. A 2022 kaɗai mutum fiye da 522,000 suka fice daga Cocin Katolika a Jamus. A Amurka kuwa, binciken da cibiyar bincike ta Pew ta yi a 2019 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na Katolika ne suka gaskata gurasa da ruwan inabi suna zama jiki da jinin Almasihu. Yara su karɓi sakramentin tabbatarwa, daga nan a neme su a rasa. Yaya mutum zai riƙe bege ba tare da ya ruɗi kansa ba?

Tsohon Katakis: Ɗana, damuwarka tana kan hanya, amma karanta alƙaluman da kyau. A Jamus mai rajista da coci yana biyan harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari a kan harajin kuɗin shigarsa, saboda haka wanda zuciyarsa ta riga ta yi sanyi yana da dalilin zuwa ya soke sunansa. Ga kuma cin zarafin yara a cikin coci da aka yi ta rufa wa asiri, wanda ya kori masu bangaskiya na gaske. Wannan ba abin kare kai ba ne, tuba yake bukata. A duniya baki ɗaya Katolika sun kai biliyan 1.4, Afirka tana ta ƙaruwa. Sai dai kada ka jingina begenka a nan, don lissafi yana juyawa. Duba Katikisma, littafin koyarwar Cocin Katolika, sakin layi na 1817: bege dogara ce ga alkawaran Almasihu da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Na 2091 da 2092 sun ja kunne kan yanke ƙauna da kuma sakankancewa da samun ceto ba tare da tuba ko taimakon Allah ba.

Malamar katikisma: Baba ya gama magana, bari in ƙara na aiki. Yawanci ba gardamar koyarwa ke raba mutum da Mas, wato babbar sujadar Katolika, ba. Ƙaura ce, ko makaranta, ko aikin Lahadi. Ya rasa mako uku, ba wanda ya yi cigiyarsa, kunya ta hana shi dawowa. To, a ɗauko rajistar waɗanda aka tabbatar cikin shekara uku da suka wuce, a raba sunaye biyar-biyar ga manya, kowa ya kira nasa sau ɗaya a wata. Kada a fara da "me ya hana ka zuwa?" Nan ake ɓata aikin, don zargi yake ji. A tambayi lafiyarsa, a gayyace shi rana takamaimiya, a je tare. A roƙi Fada ya sa lokacin furta zunubi da yamma, bayan tashi daga aiki. A gida, minti 10 kowane dare: Bisharar ranar da goma ɗaya ta Rosari. In aka tsawaita, yara sukan gaji.

Ɗalibin tarihin Ikilisiya: Ɗan'uwa, Japan ta hana Kiristanci a 1614. Kiristocin ƙasar suka yi fiye da shekara 200 ba Fada, ba Mas. A 1865 wasu ƙauyawa suka shiga cocin Oura a Nagasaki suka bayyana wa Fada Petitjean cewa bangaskiyarsu ɗaya da tasa. A ƙauyukansu akwai mai yin baftisma, akwai mai riƙe kalandar bukukuwa da azumi, addu'o'i kuma a ka suke. Gaskiya wasu abubuwa sun gauraya da al'ada saboda rashin malami, shi ya sa nake ƙarawa a kan maganar Malama cewa iyaye su ma a riƙa koya musu, ba yara kaɗai ba.