Wai mantuwar Hajiya, suga ne ya hau mata kai?

Baffa: Assalamu alaikum. Ku saurari muryar da na turo yanzu. Mutumin ya ce Turawa sun gano ciwon mantuwa ba komai ba ne illa ciwon suga kashi na uku, wanda ya hau ƙwaƙwalwa, kuma tushen su biyun kumburi ne a cikin jiki. Wai in aka kashe kumburin da kurkur da citta da habbatus sauda, hankali zai dawo. Ni dai kamar Hajiya yake siffantawa. Shekara 16 tana fama da suga, yanzu ga mantuwa.

Goggo: Wa'alaikumus salam. Yaya, wane kumburi kuma? Ni nake mata wanka, ko ƙafarta ba ta tasa ba. Mantuwar ce dai. Jiya sau biyu ta yi La'asar, ta kuma ce a ajiye wa Malam tuwonsa, mutumin da ya shekara 9 da rasuwa.

Auta: Allah ya jiƙan Malam. Goggo, ba kumburin da ido ke gani ake nufi ba. Kun san yadda wuri ke yin ja da zafi in ƙaya ta soki mutum? Sojojin jiki ne suka taru a wurin. To akwai irinsa na ɓoye, ba zafi ba ja, sojojin sun ƙi komawa bariki shekara da shekaru. A 1993 wasu masu bincike a Boston, Hotamisligil da Spiegelman, suka nuna kitsen ɓeraye masu ƙiba yana fitar da wani sinadarin faɗa mai suna TNF, kuma yana hana insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, yin aiki. Da suka toshe shi sai jikin ya fara jin insulin. Tun daga nan aka daina ɗaukar teɓa a matsayin rumbun ajiya kawai. Don haka mai muryar nan bai yi ƙarya duka ba.

Dokta: Ina wuni Baffa, ina wuni Goggo. Yanzu na fito daga aiki na tarar an yi wa matata taron dangi. Auta, ba ƙarya duka ba ce, amma irin gaskiyar nan ce da ake sa wa a bakin buhu, ƙasan duk tsakuwa. Sunan nan na suga kashi na uku, Suzanne de la Monte da abokan aikinta na Jami'ar Brown ne suka kawo shi a 2005, bayan sun duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar mantuwa ta Alzheimer suka ga aikin insulin ya yi rauni a ciki. Shawara ce ta masu bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa shi a jerin cututtuka ba, kuma babu likitan da zai rubuta shi a katin majinyaci.

Auta: Yaya Dokta, suna dai ba shi ne maganar ba. Binciken birnin Rotterdam na ƙasar Holan na 1999 fa? Tsofaffi sama da 6,000 aka bi, masu suga haɗarin mantuwarsu ya kusa ninka na sauran.

Dokta: Ban musa ba. Amma ganin hanya biyu sun haɗu a kasuwa ba ya nuna gari ɗaya suka fito. Suga yana cin ƙananan jijiyoyin jini, na ido, na ƙoda, na ƙafa. Na kai ma bai bar su ba. Mai suga da hawan jini yakan yi ƙananan toshewar jijiya a ƙwaƙwalwa ba tare da ɓarin jikinsa ya shanye ba, a hankali tunani ya ragu. Wannan ma mantuwa ce, amma hanyarta daban.

Baffa: To ku 'yan boko, ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce a'a. Ni tambayata guda ce. In kumburi ne, me zai hana a ba ta maganin kumburi? Ga shi nan cike da kemis.

Dokta: Baffa, don Allah kar a fara. An gwada, kuma ba a ɓeraye ba. An lura masu ciwon gaɓoɓi da suka daɗe suna shan irin waɗannan ƙwayoyi kamar ba su cika kamuwa da mantuwa ba, sai aka ɗauki tsofaffi kimanin 2,500 a Amurka, 'yan shekara 70 zuwa sama, masu cutar a danginsu. Wasu aka ba su naproxen, wasu celecoxib, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta. A Disambar 2004 aka tsayar da ba da maganin saboda tsoron illa ga zuciya, kuma da aka ci gaba da bin mutanen ba a ga ya kare su ba. Ita kuwa Hajiya, mai suga shekara 16, ƙodarta ba za ta ɗauki diclofenac ko ibuprofen kullum ba, ga gyambon ciki. Dexamethasone da ake haɗawa a ƙullin kemis kuma shi tayar da suga yake yi kai tsaye.

Auta: Wannan na yarda, kar a ba ta. Amma Yaya kai ma ka ce an tsayar da gwajin bai kai ƙarshe ba. Kuma waɗannan ƙwayoyin kamar kashe sauro da taɓarya ne. Ga abin da ya sa ban saki maganar ba: a 2013 aka fitar da binciken mutanen Aislan, aka ga masu wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 haɗarin Alzheimer ɗinsu ya kusa ninki uku. Ita TREM2 a kai, a jikin microglia take aiki, wato sojojin garkuwar ƙwaƙwalwa. Abin da aka haifi mutum da shi ai ba za a ce cutar ce ta jawo shi ba. Ke nan garkuwar jiki na cikin masu laifi tun farko, ba 'yar kallo ba ce da ta zo bayan gobara.

Dokta: Madalla, kin kawo hujja mai ƙarfi, amma ki karanta ta har ƙarshe. Sauyin nan rage wa microglia ƙarfi yake yi. Su ne masu sharar ƙwaƙwalwa, su ke kewaye dattin amyloid da ke taruwa. Matsalar masu wannan gado ita ce mai shara ya yi sanyi, ba wai ya yi zafin hannu ba. To wanda ya ce a kashe kumburi, wanne zai kashe? Mai shara ko mai ɓarna? Sau da yawa ma ƙwaya ɗaya ce, lokaci ne ya bambanta.

Goggo: Ni fa kun bar ni a tasha.

Auta: Yi haƙuri Goggo. Yana nufin sojan da ke gadin gida shi ne wani lokaci ke fasa tukwane.

Dokta: Ko a sugan ma haka ne. A 2017 aka kammala gwajin wata allura, canakinumab, mai toshe sinadarin kumburi guda ɗaya tak, a mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya. Matsalar zuciya ta ragu da kusan kashi 15 cikin 100, wannan nasara ce ta gaske ga ɓangarenki. Amma ba ta hana kowa kamuwa da suga ba, kuma waɗanda ƙwayoyin cuta suka kashe sun fi yawa a cikin masu allurar. Insulin da ake shaƙa ta hanci don ya isa kai, shi ma sakamakon 2020 bai nuna amfani ba.

Auta: Duk waɗannan an zo ne bayan ruwa ya ci gida. Cutar takan fara taruwa shekara 15 ko 20 kafin mutum ya manta sunan jikansa. Ka duba na gida ma: binciken Ibadan da Indianapolis, na su Farfesa Ogunniyi da Hendrie. A 2001 suka nuna tsofaffin Yarabawa a Ibadan ba su kai rabin baƙaƙen Amurka kamuwa da mantuwa a shekara ba. Kuma su ne masu ƙarancin suga da hawan jini da maiƙon jini.

Dokta: Wanda ya fi goyon bayan maganata ta jijiyoyin jini.

Auta: Ko tawa. Me ke lalata bangon jijiyar in ba kumburin ba?

Baffa: Kai, yaran nan. To kurkur ɗin fa? Na riga na sayo mudu guda.

Dokta: A sa a miya, Baffa, ba laifi. Sinadarin cikinsa hanji ba ya tsotsar sa sosai, kuma ba a nuna yana dawo da tunani ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne inda mai muryar ya ce a ajiye maganin asibiti. Goggo, tambaya nake da ita. Wane lokaci ruɗewar ta fi tsanani?

Goggo: Da hantsi. Tana shan ƙwayarta bayan Asuba, kuma kwanan nan ba ta son karin kumallo, ko koko sai da lallashi. Wajen ƙarfe goma sai ta hau gumi tana surutai, hannu na rawa. In na ba ta shayi sai ta ɗan dawo.

Dokta: Innalillahi. Goggo, tun yaushe? Wannan ai ya fi kama da faɗuwar suga. In ƙwayar glibenclamide ce, wadda ake kira Daonil, tana daɗewa a jikin tsoho, musamman in ƙoda ta yi rauni. Ba na cewa babu mantuwar, mai neman Malam da yamma ba yunwa ce kaɗai ke damunta ba. Amma wannan na hantsin a auna shi a daidai lokacin, kuma gobe a kai ta asibiti da duk magungunanta a leda. Kar ta sake shan ƙwayar da cikin wofi.

Auta: A duba mata bitamin B12 ma in tana kan maganin suga na metformin, daɗewa a kansa yana rage shi. Amma Yaya Dokta ba mu gama ba, zan turo maka takardun TREM2 ɗin.

Dokta: Turo. Goggo, a ɗauko mini hoton kwalayen yanzu.

Goggo: Bari ta idar da salla. Suna ƙarƙashin filonta, ba ta yarda kowa ya taɓa.