Ina neman shawara kan janaretan da ba ya shan mai

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, ina da kekunan ɗinki biyar da yara huɗu masu koyon aiki, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ribata a cikin janareta take ƙarewa, musamman da azumi lokacin da muke kwana a kan kayan sallah. Ina da aboki da muka yi makarantar allo tare, mahaifinsa ne waliyyina a ɗaurin aurena, shi kuma ya kwana da ni a asibiti sa'ad da mahaifiyata take jinya. Ya haɗa wani inji da ya ce ba ya buƙatar mai ko rana: batir yana juya moto, moto yana juya altaneta, wato na'urar da ke samar da wuta, da bel, altaneta tana mayar da caji cikin batirin, rarar kuma a yi aiki da ita. Na gani da idona ya kunna ƙwai uku da fanka har awa biyu. Yana so in zuba kuɗi mu haɗa babba, amma ƙanena da ke jami'a ya ce abin ya saɓa wa dokar halitta. Shin ba a taɓa karya irin wannan doka ba ne?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka ba da ko sisi. Makamashi ba ya samuwa daga babu, kama kawai yake sauyawa, kuma a kowane sauyi wani kaso yana tafiya a zafi. Ka ɗora hannunka a jikin moton bayan minti goma, ɗumin da za ka ji cajin batir ne da ba zai dawo ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da abin da zai ɗauki kayan wat 150, irin su ƙwai uku da fanka, fiye da awa goma, saboda haka awa biyun da ka gani batirin ne ya yi aikinsa, injin ma rage masa ƙarfi ya yi. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba irin waɗannan injina saboda yawan masu kawo su.

Dattijo:
Injiniya, ka yi a hankali da cewa abu ba zai yiwu ba. Wuta tana ƙonewa, amma Allah Ya umarce ta ta zama sanyi da aminci ga Annabi Ibrahim, alaihis salam. Imamul Gazali ma ya yi bayanin cewa ƙonewar auduga idan ta haɗu da wuta al'ada ce da Allah Ya gudanar, ba ikon wutar ba. Shawarata ka yi istihara, ɗana, ka kuma riƙe zumunci.

Injiniya:
Allah Ya gafarta Malam, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai mu'ujiza ta annabawa ce, kuma da al'ada ba ta tabbata ba da babu wanda zai gane cewa an keta ta. Abokin nan bai ce karama yake nunawa ba, inji ya ce zai sayar, kuma inji da ma'auni ake gwada shi.

Hajiya:
Ni dai masu haɗa wuta sun ishe ni. Bara na sayar da awarwarona aka sa mini sola, mai aikin ya rantse batiran sababbi ne, wata shida ba su cika ba suka kumbura, yanzu ko wayata ba ya ɗagawa. Ɗan'uwa, duk abin da za ka yi a rubuta a gaban shaidu.

Ɗalibi:
Yallaɓai Injiniya, ai dokokin suna canzawa. Lissafin masanin kimiyya Newton ya kasa bayyana wata 'yar karkata a zagayen tauraron Makyuri, sai a 1915 wani masanin, Einstein, ya zo da sabon bayani. Me zai hana wannan ma ta faɗi wata rana? Ni ina ganin a ƙarfafa wa masu ƙirƙirarmu gwiwa, a gwada da ɗan kuɗi kaɗan.

Injiniya:
Abin da ya canza fahimtarmu ce, Makyuri bai sauya hanyarsa ba, kuma har yau da lissafin Newton ake gina gada. A 2011 masu bincike a Italiya sun auna wasu ƙwayoyin zarra kamar sun fi haske gudu, duniya ta ɗauka, daga baya aka gano wata wayar na'ura ce ba ta ɗauru daidai ba. A 1813 wani Redheffer ya baje inji mai juya kansa a birnin New York, wani injiniya mai suna Robert Fulton ya cire katakon bango ya bi igiya har ɗakin sama, ya tarar da wani tsoho yana juya injin da hannu. Ban ce abokinka macuci ba ne, yawancinsu kansu suka fara ruɗa. Gwajin mai sauƙi ne: bayan injin ya tashi a cire batirin gaba ɗaya, ko a jona dutsen guga a bar shi kwana guda.

Mai tambaya:
Na gode, amma ba ku san shi ba. Mutumin da ya sayar da babur ɗinsa ya sa a wannan aiki ba zai yaudare ni ba, kuma ya riga ya gaya mini batirin na tayarwa ne kawai. In na ce a cire shi a gabana tamkar na kira shi maƙaryaci ne. Gaskiya ma na riga na sayar da keke ɗaya na ba shi kafin alƙalami makon jiya, ragowar nake tambaya a kai.

Injiniya:
In na tayarwa ne kawai, cire shi ba zai kashe injin ba. Nawa ka ba shi, kuma yaushe ya ce a kawo ragowar?

Mai tambaya:
Ranar Juma'a. Zan fara magana da mahaifinsa tukuna, in Allah Ya yarda.