Neman shawara: sanyi ya ɗauke ya bar ni da alkama a gona

Ɗan Kura: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Na shuka alkama ƙarshen Disamba, shinkafata ce ta makara a gonar, kuma kuɗin iri da taki sai da na je wajen yayan matata ya ranta min, shi ma sai da ya sayar da ragunansa, kun dai san sha'anin surukuta, yanzu ko gaisawa muka yi sai in ji kamar kuɗinsa yake tambaya. To ga shi Fabrairu ko rabi bai yi ba sanyi ya ɗauke gaba ɗaya, asuba ko rigar sanyi bana sawa, yara da ruwan randa suke wanka. Alkamar ta fara fitar da kai. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi, na kwana uku rana ce da ɗan hazo. In ƙara mata yuriya ne ko yaya?

Baban Yara: Wa alaikassalam. Ƙanena ka kwantar da hankalinka, sanyi zai dawo. Tun kana goye nake noma a Kadawa, hazo baya tafiya sai ya yi bankwana a Maris. Watsa yuriya ka kwanta.

Mai Albasa: Baba hazo daban sanyi daban fa. Alkama sanyin dare take so lokacin cika ido, in zafi ya kama ta ƙwayar motsewa take yi. Taki bayan ta fidda kai asarar kuɗi ne. Ka matso da ban ruwa kusa-kusa, da yamma, amma banda ranar iska kar ta kwanta. Wane iri ka shuka ma tukuna?

Ɗan Haɗejia: Ban ruwa da wane man? Ku ruwan Tiga ke zuwar muku ta kanal, mu sai inji. Ni tumatir ɗina tunda zafin nan ya fara sharon, tsutsar nan mai cin tumatir, ya shiga, maganin da na sayo ashe jabu ne, mai shagon ko wayata baya ɗauka.

Baban Yara: Yaran yanzu komai sai waya ta faɗa muku. Na ce ya zuba taki.

Mai Albasa: Allah ya huci zuciyar Baba. Amma gaskiya daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka, ya makara.

Ɗan Kura: Malam ban makara da gangan ba, so kake in girbe shinkafa ɗanya? Maƙwabcina ma bara sai a Janairu ya shuka kuma ya samu.

Mai Albasa: Bara daban. Irin fa, baka faɗa ba.

Ɗan Kura: A kasuwa na auna. Ni dai yuriyar na riga na sayo buhu ɗaya, mai ita ya ce baya karɓar kaya in sun fita.

Ɗan Haɗejia: Nawa ka saya? In za ka sayar ka min magana ta inbos.