Girman akwatin amfilifayar hedifon: sauti yake ƙarawa ko wuri kawai yake ci?

Ɗan Tebur:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Teburin da nake aiki a kai faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba. Allon kwamfuta ya cinye tsakiya, sai ɗan wuri a hannun dama inda nake ajiye kayan sauti. Hedifon ɗina Sennheiser HD 600 ne, mai om 300 (ma'aunin turjiyarsa ga wuta kenan). Abin da ke tura shi yanzu wata 'yar ƙaramar amfilifaya ce mai jikin roba, da DAC ɗinta a ƙarƙashi, wato na'urar da ke mai da sautin dijital na kwamfuta siginar da amfilifaya ke karɓa. Sautinta ba ni da ƙorafi a kansa. Damuwata ita ce ba ta da nauyi ko kaɗan. In na zare fulogin hedifon sai ta biyo hannuna, in na soka sai ta ja da baya har ta daki bango. Wayoyin da ke bayanta sun rinjaye ta, kullum gabanta a ɗage. Abin murɗa sautin kuma ɗan mitsitsi ne, yana manne da ramin fulogi, sai na karkata yatsu kafin in kama shi.

Shi ne na fara leƙa manya. Na ga hoton cikin wata mai faɗin santimita 43 da aka cire wa murfi, kusan rabin akwatin fanko ne. Allon kayan wuta a wannan gefe, taransifoma can a wancan, tsakani ba komai sai iska. To kuɗin iska zan biya? Girman akwati yana taɓa sauti da gaske, ko burga ce kawai?

Mai Dalma:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina buɗe cikin irin waɗannan na'urori, kuma zan ce maka iskar nan da ka gani ba zaman banza take yi ba, ko da yake ba kullum ba.

Fara da taransifoma. Tana aiki ne da wutar gida mai juyawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa, gwargwadon ƙasa, kuma tana watsa maganaɗisu a kewayenta. Duk wayar da ke ɗauke da ƙaramar sigina in ta matso kusa sai ta kwashi wannan, ka ji wani gurnani can ƙasa-ƙasa da ba ya tafiya ko an tsayar da waƙa. A lasifikar ɗaki mai yiwuwa ba za ka lura ba, don tana nesa da kai. Hedifon kuwa a bakin kunne yake, komai ƙanƙantar gurnani sai ya iso. Magani mafi arha shi ne tazara, saboda ƙarfin maganaɗisun yana faɗuwa da sauri da zarar an ɗan matsa. Shi ya sa mai ƙira ya kai ta can lungu ya bar fili. Taransifoma mai siffar zobe ta fi mai kusurwa huɗu ƙarancin yoyon maganaɗisu, amma ita ma ana nisanta ta. Kada kuma kaurin alminiyam ya ruɗe ka a nan: yana tare kutsen siginar rediyo da ta wayar salula sosai, amma maganaɗisun taransifoma ratsa shi yake yi. Baƙin ƙarfe ya fi shi amfani a wannan fanni.

Masu ƙananan akwatuna dabara ɗaya suka yi, suka fitar da taransifomar waje gaba ɗaya. Dunƙulen nan mai nauyi da ke maƙale a soket, ko yake kwance a ƙarƙashin tebur, ai ɓangaren amfilifayar ne. Amfilifayar Magni ta kamfanin Schiit haka take. Saboda haka ƙaramar na'ura ba ha'inci ba ce, rabinta ne aka sauke ƙasa.

Abu na biyu zafi, kuma a nan ne girma ya zama dole. Amfilifaya ta ajin A tana jan wuta cikakkiya ko ana sauraro ko ba a yi. A ce tana jan wat 30 a zaune. Hedifon irin naka kuwa 'yan miliwat kaɗan sun isa su cika maka kunne. Ina sauran ya tafi? Zafi ya zama, kuma dole ya sami hanyar fita. Alminiyam yana tafiyar da zafi ninki uku zuwa huɗu fiye da baƙin ƙarfe, don haka a na'urori da yawa jikin akwatin ne kansa aka ɗaure wa tiransistoci, shi ke shan zafin ya miƙa wa iska. In ka taɓa ka ji ɗumi, aikinsa yake yi. Wadda nake tsoro ita ce mai cin wuta da yawa amma jikinta sanyi ƙalau, babu ramukan iska, don na san zafin yana can ciki yana dafa kaya. Abin da ya fi saurin mutuwa kafasita ce mai ruwa a ciki, 'yar gwangwanin nan da ke tara wuta na ɗan lokaci. Masu kyau an rubuta musu digiri 105 a jiki, kuma ƙa'idar da ma'aikata ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. In na buɗe tsohuwar na'ura na ga kan kafasita ya kumbura, kafin in duba komai nakan duba me ke kusa da ita. Sau da yawa an matse ta ne jikin ƙarfen shan zafi don a rage girman akwati.

Shi kuma santimita 43 ɗin nan, gado ne. Ma'aunin inci 19 na kantar jera na'urori ya samo asali ne daga kayan tarho na Amurka tun shekarun 1920, situdiyo suka ɗauka, kayan sauti na falo suka zauna a kan kusan inci 17, wato santimita 43 ɗin nan, don su jeru da juna. Ba don teburin kwamfuta aka yi shi ba. Akwai masu rabin wannan faɗin, kamar ADI-2 DAC na RME da bai wuce santimita 21 da rabi ba. Kuma gaskiya, akwai akwatunan da aka faɗaɗa don ido kawai, allon ciki bai kai tafin hannu ba, ba zafi, ba taransifoma. Waɗannan kam iska ka saya.

Ga HD 600, ba ka buƙatar ƙatuwa. Abin da take so isasshen bolt ne, kuma ƙananan na'urorin yanzu suna bayarwa.

Hajiya Bawul:

Malam Mai Dalma, Allah ya ƙara sani. Ban musa ko ɗaya ba, sai dai ka amsa tambayar kunne ka bar ta hannu, alhali yaron nan da ƙorafin hannu ya fara.

Ni abin da nake taɓawa kullum a jikin na'ura shi ne abin murɗa sauti. In ƙarami ne, ɗan motsi kaɗan sai sauti ya yi tsalle. In babba ne mai ɗan nauyi, kana iya tsayar da shi daidai inda kake so ko ba ka kallo. Babban mamurɗi kuwa ba ya zama a fuskar da tsayinta bai kai yatsu biyu ba. Ƙara da ramukan fulogi: ga na milimita 6.35, ga na 4.4 da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, ga XLR mai ƙafa huɗu wanda shi kaɗai yana neman kusan santimita uku. In aka cusa su duka a fuska ɗaya 'yar ƙarama, fulogi zai riƙa gogar yatsanka duk murɗawa. Wannan ba ya fitowa a takardar awo, amma shi za ka zauna da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne makunni a baya. Ka jera na'urori biyu, ka tura su jikin bango, sannan kullum sai ka zura hannu ta cikin wayoyi kana laluben inda yake. Da fitilar nan shuɗiya mai kashe ido da dare, wadda sai an liƙa mata salatif.

Ni amfilifaya mai kwalaben bawul, irin na tsofaffin rediyo, nake amfani da ita, kuma ba zan ba ka shawararta a teburi irin naka ba. Kwalba tana zafin da zai ƙona yatsa, tana son sarari a samanta, ba a tura ta ƙarƙashin kanta. Wasu kwalaben kuma suna jin girgiza, in kana buga madannai da ƙarfi a tebur ɗaya sai ka ji ɗan ƙaran a kunne. A nan nauyin akwati da ƙafafun roba masu laushi suna da rana. Amma fuskar alminiyam mai kaurin santimita ɗaya a na'urar tiransista, wannan ado ne. Ina son adon, ba na ɓoyewa, sai dai ba zan ce yana gyara sauti ba.

Shiru Ka Ji:

Kafin ka sayi komai, ɗan'uwa, sa mata ƙafafun roba masu ɗanko, ko ka shimfiɗa tabarmar silikon a ƙasa, sannan ka ɗaure wayoyin baya a gefen tebur don nauyinsu ya bar jikinta. Zamewar za ta ragu sosai. Jikin roba ba aibu ba ne. Amfilifayar Atom ta farko ta kamfanin JDS Labs roba ce, kuma ta yi suna wajen tsaftar awo. Illarsa ɗaya, kada ka ajiye wayar salula a kansa. In kuma za ka jera, mai zafin ce a sama, DAC a ƙasa.

Ɗan Tebur:

Na gode ƙwarai, Baba Mai Dalma, na gode Hajiya. Na ɗauko tef na auna: wurin faɗinsa santimita 24, zurfinsa 26 zuwa bango. Kenan mai 43 ta fita daga lissafi ko ina so ko ba na so. Hankalina ya karkata ga na'ura ɗaya mai haɗe da DAC, jikin ƙarfe, makunni a gaba, mamurɗi babba. Zan gwada dabarar ƙafafun roba tukuna. In na ga wadda zurfinta 25 ne, za ta shiga ai?

Mai Dalma:

Ba za ta shiga ba. Awon da suke rubutawa sau da yawa na akwatin ne zalla, ba su sa abin da ke fitowa ta baya. Fulogin wuta da na USB suna neman aƙalla santimita biyar kafin waya ta lanƙwasa ba tare da an takura mata ba, na XLR ya fi haka. In tana da Bluetooth kuma jikinta ƙarfe ne, akwai 'yar eriya da ke tsayawa a baya, ita ma tana son wuri. Nemi wadda zurfinta bai wuce 19 ko 20 ba, ko ka sayi fulogi masu lanƙwasasshen kai. Ka kuma duba ta ina ramukan iskarta suke. In a gefe suke, kada ka manna ta da ƙafar allon kwamfuta, bar mata kamar yatsu biyu ta kowane ɓangare.