Sunan ma'aunin linzami a manhajojin koyon na'ura

Wasu masu rubuta manhaja sun zauna a Katsina kan sunan da ya dace da ma'aunin linzami, wato lambar da ke hana samfuri haddace bayanan horo maimakon ya fahimci tsarinsu. Abin da ya fi ɗaukar lokacinsu shi ne scikit-learn, wani tarin kayan aikin koyon na'ura a harshen Python, inda samfuran Ridge da Lasso ke amfani da sunan alpha, wanda ƙara shi ke ƙara matsi, alhali LogisticRegression da SVC na amfani da C, wanda ƙara shi sassauta linzami yake yi. Wani ɗalibi ya ce ya ɗaga C daga 1 zuwa 100 da nufin matsewa, sai samfurin ya ƙara haddacewa.

Shawarar da ta rinjaya ita ce sunan ya faɗi aikinsa da alkiblarsa, kamar yadda weight_decay (wato rage nauyi) ke yi a PyTorch, wani tarin kayan aikin koyon na'ura. An kuma ja kunne kan aron haruffan Girka, domin alpha a manhajar glmnet rabo ne tsakanin nau'o'in linzami biyu, L1 da L2, aikin da l1_ratio ke yi a scikit-learn. Ita kuwa lambda, Python ta riga ta keɓe ta don wani aiki nata, ba a iya raɗa wa ma'auni ita, saboda haka manhajar XGBoost ta tanadi reg_lambda.