Me za mu kira "receptor" da Hausa?

1/ Jama'a, musamman masu fassarar labaran lafiya, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar "receptor". Ni dai na tsaya a kan makarɓin saƙo, jam'insa makarɓan saƙo. Ga hujjata, kuma da tsutsar tsargiya zan kafa ta.

2/ Wannan tsutsa mai sa yara fitsarin jini bayan wanka a kududdufi tana da jijiyoyi da tsoka. A fatar ƙwayoyin halittarta akwai furotin da ke jiran saƙo, shi ne "receptor". Sinadari kamar serotonin ya zo ya manne masa, sai tsokar ta motsa.

3/ A 2009 aka wallafa kundin gadon wani nau'in tsutsar mai suna Schistosoma mansoni, wato jerin DNA ɗinta kaf. Na nau'in haematobium, mai taɓa mafitsara, sai a 2012. Da masana suka tace kundin mansoni a 2011, sun tsamo makarɓai 117 na wani dangin makarɓai da ake kira GPCR. Ana binsu ɗaya bayan ɗaya ne don gano wanda sabon magani zai kama, tunda har yau kusan magani guda muka dogara da shi, farazikwantal.

4/ Wasu sun ce a kira shi ƙofa. Ban yarda ba. A dangin GPCR saƙon ba ya shiga ciki ko kaɗan. Daga waje yake tsayawa, furotin ɗin ya sauya siffa, shi ne zai isar da labari ciki, kamar mai sallama a zaure a kai maganarsa cikin gida.

Ƙofa tana da inda ta dace. Furotin ɗin da farazikwantal ke kamawa, wanda aka gano a 2019, mashiga ce ta gaske: maganin ya buɗe ta, kalshiyam ya kwarara ciki, tsutsa ta sanƙare. Tsutsar hanta da mahauta ke gani a hantar shanu tata mashigar ta ɗan bambanta, shi ya sa maganin ba ya cin ta. Idan muka kira duka biyun ƙofa, ɗalibi ba zai taɓa rarrabe su ba.

5/ Da an kira shi majiya, amma 'yan jarida sun riga sun ɗauke ta ga wanda ke ba su labari.

6/ Makarɓi ya bi sahun mabuɗi da madubi, kunne ba ya ƙin sa. Malaman Hausa, ku duba mana jam'in: makarɓai na kayan aiki nake nufi, kada a haɗa shi da makarɓa na mutane.