Zan iya canza takalmin birkin Corolla a gida?

Mai Corolla: Salamu alaikum 'yan uwa. Corolla 2008 gare ni, in na taka birki sai ta riƙa ƙarar gogar ƙarfe. Zan iya canza takalman gaba da kaina?

Bakanike: Wa'alaikumus salam. Za ka iya. Sassauta notocin taya kafin ka ɗaga, sannan ka tokare motar da kututture, kada ka dogara da jak kaɗai. Hagu da dama tare ake canzawa. Tura fistin, wato abin da ke matse takalman, baya a hankali, kana duban man birki kada ya malalo.

Direban Zariya: Malam, duba faifan birkin ma, wanda takalman ke kamawa. Da wannan ƙarar, ƙila ƙarfe ya riga ya cinye shi.

Bakanike: Haka ne. Kuma kafin ka hau titi, tattaka birki har ya yi tauri. Takun farko ba ya kamawa.